Ranar 16 ga Agusta a tarihin waƙa: wa aka tuna, wa aka biya?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Yau 16 ga Agusta, kuma duk wanda ya kama gidajen rediyon ƙasashen waje a irin wannan rana zai ji ana ta nanata sunan Elvis Presley, wanda ya mutu a gidansa na Graceland da ke birnin Memphis a 1977 yana da shekara 42. Ina so mu tattauna a kan sauran mutanen da ranar ta haɗa da shi, domin yawansu ya wuce yadda mutum zai zata. Ran 16 ga Agustan 1938 ne Robert Johnson, makaɗin jita kuma mawaƙin blues, ya mutu kusa da garin Greenwood a jihar Mississippi yana ɗan shekara 27. Ran 16 ga Agustan 1997 Nusrat Fateh Ali Khan na Pakistan ya rasu a wani asibiti a Landan yana da shekara 48, sannan a 2018 Aretha Franklin ta mutu a Detroit tana da shekara 76. A wannan rana aka haifi Madonna a jihar Michigan a 1958, a ranar ce kuma aka sallami Pete Best daga ƙungiyar Beatles a 1962, kuma ita ce rana ta biyu ta gagarumin bikin kiɗa na Woodstock na 1969.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne mutum uku daga cikinsu. Johnson haifaffen Mississippi ne, Elvis ma an haife shi a Tupelo cikin wannan jiha kafin iyayensa su koma Memphis a 1948, ita kuwa Aretha a Memphis ɗin aka haife ta a 1942. Yanki ɗaya ne ya fitar da su, kuma kiɗan baƙar fata na gonakin auduga da na coci ne ya raine su duka, amma rabon da kowannensu ya samu daga wannan gado ya yi nisa da na ɗan'uwansa ƙwarai. A kan wannan nake neman ra'ayinku.

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina da ja a kan tushen maganar tun kafin mu yi nisa. Kwanakin shekara 365 ne, mashahuran mawaƙan duniya kuwa dubbai ne, saboda haka duk ranar da mutum ya zaɓa sai ya tarar da mutuwa da haihuwa da wani babban wasa sun faɗo a cikinta. Ajali ne ya haɗa waɗannan mutane a rana guda, kuma ina tsoron kada mu ɗora wa kwanan wata ma'anar da ba ta cikinsa.

Malam Habibu:
Injiniya, ban ce akwai wani sirri a cikin ranar ba, kuma na yarda ajali ne kawai. Amfanin da nake gani shi ne kwanan watan yana tilasta mana mu ajiye mutane kusa da juna, waɗanda a al'ada kowa ake ba da labarinsa shi kaɗai. Mai ba da tarihin Elvis yakan fara daga 1954, kamar kafin nan babu kowa a fagen. Da zarar ka tuna cewa a irin ranar da ya mutu, shekara 39 kafin nan, an yi rashin wani saurayi baƙar fata a jihar da aka haife shi ba tare da jaridu sun ko ambata ba, dole tambayar ta sauya.

Auwalu:
Malam, a ba ni dama in tsaya a kan Robert Johnson, domin nasa labarin ne ya fi taɓa ni. Duk abin da ya bari a duniya waƙoƙi 29 ne, waɗanda aka ɗauka a zama biyu: na farko a wani ɗakin otal a San Antonio cikin Nuwamban 1936, na biyu a Dallas cikin Yunin 1937. Sauran rayuwarsa ya yi ta ne yana yawo gari gari da jitarsa, yana kiɗa a bakin titi da gidajen rawa na ƙauye don abin da zai ci. Takardar shaidar mutuwarsa ba ta ma faɗi abin da ya kashe shi ba, sai labarin da ya yaɗu cewa guba aka sa masa a abin sha, kuma har yau wurare uku ne aka kafa wa alama ana cewa nan ne kabarinsa. A ƙarshen shekarar da ya mutu, John Hammond, mai shirya faifai da wasannin kiɗa, ya aika a nemo shi domin ya yi wasa a babban zauren Carnegie da ke New York, sai aka dawo masa da labarin cewa mutumin ya riga ya mutu. Da ranar wasan ta zo cikin Disamba, faifansa aka sa a kan dandamali mutane suka saurara.

Sai a 1961 kamfanin Columbia ya tattara waƙoƙinsa a babban faifai, ya faɗa hannun samarin Ingila irin su Eric Clapton da 'yan ƙungiyar Rolling Stones, suka sake rera su suka cika filayen wasa da su. Abin da ke ɓata mini rai shi ne tatsuniyar da aka liƙa masa, wai ya sayar da ransa ga shaiɗan a mararrabar hanya cikin dare don ya iya jita. Mutum ya sha wahalar koyon sana'arsa har ya gagari tsararrakinsa, amma an fi son a ba shaiɗan ladan ƙoƙarinsa. A ganina Elvis da waɗanda suka biyo bayansa sun girbe gonar da irin su Johnson suka nome, kuma ban ga sunan da ya dace da hakan ba in ban da ƙwace.

Kawu Sule:
Ɗana Auwalu, ka kawo tarihin Johnson yadda yake, amma hukuncin da ka yanke wa Elvis ya yi tsauri. Mu da muka taso muna jin muryarsa a rediyo da faifan garmaho mun san shi, kuma ya kamata a duba daga ina ya fito. Ɗan talakawa ne da aka haifa a 1935 a gida mai ɗaki biyu, ya girma kusa da unguwannin baƙar fata, yana zuwa cocin da ake waƙa da tafi, da ya zo Memphis kuma yana sauraron gidan rediyon WDIA na baƙar fata yana zagayawa titin Beale. Direban babbar mota ne lokacin da Sam Phillips ya ɗauki muryarsa a kamfaninsa na faifai mai suna Sun cikin Yulin 1954. Yaron da ya tashi cikin wani kiɗa, ya sha shi tun yana ƙarami, da wuya a kira shi ɓarawonsa. Bai taɓa ɓoye inda ya koyo ba, domin a 1969, a gaban 'yan jarida a Las Vegas, ya nuna Fats Domino, mawaƙi baƙar fata, ya ce shi ne ainihin sarkin kiɗan rock and roll. B.B. King, mawaƙin blues baƙar fata wanda ya san shi tun a Memphis, ya sha kare shi daga wannan zargi. Kuma abin lura ne cewa kyaututtukan Grammy uku da ya lashe a gasa duk na waƙoƙin coci ne.

Auwalu:
Kawu, ranka ya daɗe, ban musa cewa yana son kiɗan da zuciya ɗaya ba. Tambayata a kan kuɗi take. Waƙar da ta fara fito da shi a 1954, "That's All Right", ta Arthur Crudup ce, mawaƙin blues baƙar fata, kuma Crudup ya mutu a 1974 cikin talauci bayan ya yi shekaru yana bin haƙƙinsa bai samu ba. "Hound Dog" kuwa Big Mama Thornton ce ta fara rera ta, ta yi mako bakwai a saman jerin waƙoƙin baƙar fata a 1953, kuma ita da bakinta ta ce dala 500 kacal ta samu, alhali da Elvis ya sake ta a 1956 miliyoyin faifai aka sayar. Otis Blackwell ne ya rubuta "Don't Be Cruel", amma sai da aka sa sunan Elvis kusa da nasa a matsayin marubuci domin a raba kuɗin. Yabon baka a gaban 'yan jarida bai biya wa kowa kuɗin haya ba.

Kawu Sule:
Waɗannan duk gaskiya ne, ɗana, sai dai ina so ka raba laifin yadda ya kamata. Kamfanonin faifai da masu buga waƙa ne suka riƙe kuɗin Crudup, kuma tun kafin a san Elvis suke yi masa haka. "Hound Dog" ma wasu samari biyu farar fata ne suka rubuta ta, Jerry Leiber da Mike Stoller, saboda haka kuɗin marubuci wurinsu ya tafi ko da wa ya rera. Shi kansa Elvis bai tsira daga wannan tsari ba. A 1955 kamfanin RCA ya sayi kwantiraginsa daga Sun a kan dala 35,000, ya kuma shiga hannun manajansa Kanar Tom Parker, wanda daga baya ya riƙa ɗaukar har rabin abin da yake samu, ya tura shi cikin finafinai marasa nauyi na kusan shekara goma, kuma in ban da 'yan wasanni a Kanada a 1957 bai taɓa barin ya yi wasa a wata ƙasa ba. Wanda ya ga hotunan wasanninsa na ƙarshe a 1977, jiki ya kumbura, gumi na zuba, yana mance baitoci saboda yawan ƙwayoyin da likitoci ke rubuta masa, ya san cewa kasuwar da ta ɗaukaka shi ita ce ta cinye shi. Ina jin tausayinsa kamar yadda nake jin na Crudup, ko da yake na yarda wahalarsu ba iri ɗaya ba ce.

Hajiya Rabi:
Sallama gare ku duka. Kawu da Auwalu sun tsaya a kan maza biyu, ni kuwa ina ganin amsar tambayar Malam Habibu tana wurin mace ta ukun. Aretha Franklin 'yar babban mai wa'azi ce, C.L. Franklin na cocin New Bethel a Detroit, kuma a gaban jama'ar wannan coci ta koyi waƙa da piyano tun tana yarinya. Ta shiga kamfanin Columbia a 1960, suka yi shekara shida suna ƙoƙarin mayar da ita mai rera waƙoƙin sanyi irin waɗanda suke zaton farar fata za su saya, abin bai yi armashi ba. Da ta koma kamfanin Atlantic, mai shirya faifai Jerry Wexler ya kai ta Muscle Shoals a jihar Alabama a farkon 1967, ya zaunar da ita a gaban piyano ya bar ta ta yi waƙa yadda take yi a cocin mahaifinta. A wannan shekarar ce ta ɗauki "Respect", waƙar da Otis Redding ya fitar a 1965 da muryar magidanci mai neman a girmama shi idan ya dawo gida, ta juya ta ta zama muryar mace mai neman haƙƙinta. Masu fafutukar 'yancin baƙar fata da ƙungiyoyin mata duk suka rungume ta.

Ku lura da cewa ita ma waƙar wani ta ɗauka, kuma tata ta shafe ta asali, amma babu wanda ya kira ta ɓarauniya, domin sunan Redding yana nan a matsayin marubuci kuma kuɗinsa na zuwa. Ashe ɗaukar waƙa ba shi ne laifin ba. Hasali ma a nan ita ce aka tauye, saboda a dokar Amurka gidajen rediyo na gargajiya marubucin waƙa da mai buga ta suke biya idan sun sa ta, wanda ya rera ba ya samun komai. Duk shekarun da aka yi ana sa wannan waƙa dare da rana, kuɗin rediyon ba aljihunta yake shiga ba.

Wataƙila shi ya sa ta ɗauki wata ɗabi'a da aka san ta da ita: sai an biya ta kuɗi a hannu kafin ta hau dandamali, kuma da jakarta take hawa ta ajiye inda idonta zai riƙa ganin ta. Wanda ya kalli wasan da ta yi a Cibiyar Kennedy a 2015 zai ga ta fito cikin doguwar riga mai gashi, ta ɗora jakar a kan piyano kafin ta taɓa shi, can tsakiyar waƙar ta miƙe ta yar da rigar ƙasa, Shugaba Obama yana share hawaye. Mace ce da ta ga abin da aka yi wa na gabanta, ta ƙudura cewa ba za a yi mata ba. Ita ce mace ta farko da aka shigar zauren girmamawa na mawaƙan rock and roll a 1987, kuma a 1970 ta fito fili ta ce za ta biya belin Angela Davis, 'yar fafutukar 'yancin baƙar fata da ke tsare, a lokacin da faɗin hakan yana iya jawo mata asarar kasuwa.

Nafisa:
Na gode, Hajiya, wannan bayani ya ƙara mini haske. Ina roƙon kada mu bar Nusrat Fateh Ali Khan a baya, Allah ya jiƙansa, domin a cikin mutanen nan shi ne wanda da yawanmu muka ji aikinsa ba tare da mun san nasa ba ne. An haife shi a 1948 a garin da yanzu ake kira Faisalabad, cikin gidan da suka gāji kawwali kaka da kakanni. Kawwali waƙar Sufaye ce ta yabon Allah da begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ambaton waliyyai, wadda ta bunƙasa a ɗarikar Chishtiyya. Ana yin ta a zaune a ƙasa, jagora a gaba, 'yan amshi a bayansa suna tafi, ga harmoniyam da gangunan tabla, kuma waƙa guda tana iya kai rabin sa'a ko fiye, ana juya baiti ɗaya har sai zukata sun motsa. Wanda ya taɓa zama a majalisin mandiri na Ƙadiriyya a Kano zai gane irin yanayin da nake nufi.

Bayan wasan da ya yi a bikin kiɗan duniya na WOMAD a Ingila a 1985, da kuma faifan da kamfanin Real World na Peter Gabriel ya fitar masa, sai Turai da Amurka suka san shi. A lokaci guda masu shirya waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗibar karin waƙoƙinsa suna sauya musu baitoci. Fitacciyar waƙar nan ta fim ɗin Mohra na 1994, wadda ta karaɗe gidajen kallo da shagunan kaset a garuruwanmu, daga karin wata kawwalinsa aka ɗauko ta, aka cire ambaton waliyyi aka sa zancen soyayya. Wannan ya fi damuna fiye da batun kuɗi, domin abin da aka yi don ibada ne aka mayar na rawa. Ina kuma tuna muku cewa mako biyu kafin rasuwarsa, ran 2 ga Agustan 1997, Fela Kuti ya mutu a Legas, saboda haka wata guda ya ɗauke manyan mawaƙa biyu da suka kai kiɗan ƙasashensu duniya ba tare da sun sauya harshe don su faranta wa Turawa ba.

Injiniya Bashir:
Har yanzu ina kan bakana cewa ranar ba ta da wata ma'ana ta kanta, amma tun da maganar ta koma kan wanda aka ɗauki kiɗansa, ina da abin ƙarawa daga Woodstock. An yi bikin ne a gonar wani mai kiwon shanu a Bethel cikin jihar New York, mutane kusan 400,000 suka hallara. Da ranar Asabar 16 ga wata, wata ƙungiya da ko faifanta na farko bai fito ba ta hau dandamali, wato Santana, kuma wannan wasa ne ya fito da ita duniya. Cikin abin da suka kaɗa akwai "Jingo", wadda asalinta ta Babatunde Olatunji ce, makaɗin ganga daga Ajido kusa da Badagry, wanda ya tafi karatu kwalejin Morehouse a Atlanta a 1950, ya kuma fitar da ita a faifansa Drums of Passion. Dubban ɗaruruwan matasan Amurka sun yi rawa da kiɗan Yarabawa a cikin taɓo a wannan rana, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka san sunan mai shi.

Malam Habibu:
Injiniya, wannan misali naka ya shiga cikin maganar sosai. Saura Pete Best, wanda nasa rashin ba shi da alaƙa da launin fata. Shekara biyu ya yi yana kaɗa wa Beatles ganga, tun zamanin da suke kwana a bayan wani gidan silima a Hamburg ta Jamus suna wasa har asuba. Bayan gwajin da suka yi a kamfanin EMI cikin Yunin 1962, George Martin, mai shirya faifai a kamfanin, ya nuna bai gamsu da kiɗansa ba, sai manajansu Brian Epstein ya kira shi ofis ran 16 ga Agusta ya sallame shi, abokan nasa uku kuwa babu wanda ya zo ya faɗa masa da bakinsa. Ringo Starr ya maye gurbinsa bayan kwana biyu, kuma faifansu na farko ya fito ran 5 ga Oktoba. Best ya koma aikin gwamnati a Liverpool ya yi kusan shekara 20, sai a 1995, da aka fitar da tsofaffin waƙoƙin da ya kaɗa a ciki, kuɗi mai kauri ya zo hannunsa.

Auwalu:
Malam, shi Best aƙalla ya rayu ya karɓi nasa. Johnson kuwa da Columbia ta fitar da dukkan waƙoƙinsa a 1990, aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya har aka ba tarin kyautar Grammy, sai da aka shiga kotu ana neman wanda zai gāji kuɗin. A 1998 ne wata kotu a Mississippi ta tabbatar da cewa wani dattijo mai tuƙa motar ɗaukar tsakuwa ɗansa ne, shekara 60 cif bayan mutuwar uban. Kawu, na karɓi maganarka cewa kamfanoni ne suka riƙe kuɗin Crudup, amma batun Otis Blackwell yana nan, domin a kan faifan sunan Elvis aka rubuta, kuma yana da ƙarfin da zai ce a cire.

Kawu Sule:
A kan Blackwell ba zan kare shi ba, ɗana. Tsarin Parker da kamfanin buga waƙoƙin da suke aiki da shi ne cewa duk marubucin da ke son Elvis ya rera waƙarsa sai ya sallama wani kaso, kuma marubuta da yawa sun yarda saboda kason da ya rage musu ya fi abin da za su samu a wurin wani mawaƙin. Amma akwai wadda ta ƙi. Lokacin da Elvis ya so ya rera "I Will Always Love You", Parker ya nemi Dolly Parton ta ba da rabin haƙƙin buga waƙar, ta ce ba za ta bayar ba, ko da yake ta faɗa daga baya cewa sai da ta yi kuka saboda tana matuƙar son ta ji shi yana rera ta. Elvis bai rera ba, waƙar ta zauna a hannunta, kuma da Whitney Houston ta sake ta a 1992 kuɗin marubuci da na bugawa wurin Parton suka tafi. Bambancinta da Blackwell shi ne ita ta riga ta kafa kamfanin buga waƙoƙinta, tana da abin da za ta dogara da shi idan ta ce a'a, shi kuwa a 1956 marubuci ne baƙar fata da ke sayar da waƙa ɗaya ɗaya a ofisoshin New York don ya ci abinci.